Surukina da Ɗakin Mutanen Sama

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, wato mahaifin maigidana, gidanmu da ke hawa na goma sha ɗaya a unguwar Danau Kota, cikin Kuala Lumpur, ya cika har bakin lif. Maza sun tare falo, mata mun cika kicin da ɗakin Mama, matar Baba, ga wasu suna ta hawowa. Da wurin zama ya ƙare, sai Mama ta ɗago kai ta ce da ni, "Je ki buɗe musu ɗakin can." Na tsaya ina kallonta. Shekara goma sha biyu ina gidan, ban taɓa ganin an shiga ɗakin nan da ko kofin ruwa ba, balle a shimfiɗa tabarma a baje.

"Buɗe mana," in ji ta. "Mai hanawar ya tafi."

Matan ɗalibai da suka zo daga unguwar Wangsa Maju ne suka fara shiga. Suka ga kanta daga ƙasa har silin, bango uku, cike da kaset-kaset na bidiyo da faya-fayai, kowanne da rubutu a gefensa. Wata baiwar Allah, sabuwar zuwa ce daga Katsina, ta dafe ƙirji ta ce, "Allahu Akbar! Duk wa'azi ne wannan? Lallai bawan Allah ya yi guzuri." Ta sa hannu biyu cikin ladabi ta zaro guda. A bangonsa ga wata halitta mai kai kamar kabewa, ido ɗaya tal a goshi, ta saɓo wata Baturiya da ta suma. Matar ta mayar da shi a hankali, ta goge hannunta da hijabi. Mama da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya, ta yi ta yi har dariyar ta rikiɗe ta koma kuka, muka taru muka riƙe ta.

Maƙwabciyarmu, dattijuwar Malay da muke kira Makcik, ta kawo tukunyar shinkafa ta yi mana gaisuwa. Ta ce Baba mutumin kirki ne, kullum shi ke riƙe mata lif. Sai ta rage murya ta tambaye ni ko yanzu za mu gyara injin wankinmu, don shekara da shekaru tana jin yana "wiiw, wiiw" ta bango, tana jin nauyin yi mana magana. Ban iya gaya mata cewa kumbon mutanen sama ne yake sauka a ɗakin Baba ba.

Aminin Baba kuwa, wani dattijo Kirista da yaranmu suke kira Kawun Jos, yana gefen falo da hularsa a gwiwa. An kai masa abinci sau biyu bai taɓa ba. Da aka ce ya yi magana, abin da ya iya faɗa shi ne, ranar da aka yi wa matarsa tiyata Baba ne ya wuni tare da shi a barandar asibiti.

Ina rubuta wannan ne saboda 'ya'yana. A nan aka haife su, in na yi musu Hausa su ba ni amsa da Turanci. Nan da 'yan shekaru abin da za su riƙe game da kakansu shi ne tsoho mai tarin robobi. Na rubuta da Hausa da gangan, in suna son saninsa su zauna su karanta.

Baba mutumin Zariya ne. Koyar da ilmin lantarki ya kawo shi ƙasar nan, da ya ajiye aiki kuma ya ci gaba da zama tare da mu. Abin da yake tarawa, in ka kira shi fim ka ɓata masa rai. Shirye-shiryen talabijin ne na Turawa na zamanin da, yawancinsu baƙi da fari, waɗanda kowane mako labari daban da mutane daban: yau baƙi sun sauko daga wata duniya, mako mai zuwa mutum-mutumi ya ƙi bin umarnin maigidansa, na gaba wani ya kwanta ya farka bayan shekara ɗari. Yakan ce, "Minti ashirin da biyar, mutum ya yi wauta, ya ga sakamakonta, an tashi. Ba irin na yanzu ba da za a shekara uku ana neman wanda ya ɓoye wasiƙa."

Kowane kaset sai ya raɗa masa suna da Hausa ya manna. Akwai "Wanda Agogonsa Ya Riga Shi Tsufa", akwai "Matar da Firij Ya Yi Wa Nasiha". Ba ya taɓa su sai ya zura farar safa a hannu, safar ƙafa kuwa, don ya ce ta fi laushi. Bidiyo uku gare shi, ɗaya na kallo, biyu na yanka, yana ciro musu kayan ciki yana raya na farkon. Wata rana maigidana ya yi kuskuren cewa ai duk waɗannan suna intanet yanzu. Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Intanet ɗin ta gidan ubanka ce? Gobe mai ita ya tashi da ɓacin rai ya goge, sai ka kai ƙara ina?" Maigidana ya ce ai kuwa ubansa ne yake magana. Aka kore shi daga ɗakin har kwana biyu.

Ni Amarya yake kirana. Da na haifi na uku ma Amarya ce.

Na zo gidan nan ban fi wata biyu da aure ba. Maigidana yana karatun digiri na uku, ya fita da safe sai magariba. Turancina na sakandare ne, wanda ake rubutawa a jarrabawa a manta. In na sauka sayen albasa sai na dawo ban saya ba, don ban gane abin da mai kanti yake cewa ba. Ga kunyar surukai, in na ji motsin Baba a falo sai na maƙale a ɗaki. Wata huɗu ina haka. Na rame, na daina cin abinci sosai, kullum in leƙa taga in ga benaye da ruwan sama in yi kuka. Daga ƙarshe na haɗa akwatina na tura ƙarƙashin gado, na ƙudurta cewa a ƙarshen wata zan ce a mayar da ni Kano, in auren zai mutu ya mutu.

Ban san yadda aka yi Baba ya sani ba. Wata Talata da hantsi ya aiko Mama ta kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa, kaina a ƙasa.

"Amarya, an ce rubutunki yana da kyau. Nawa ya zama tafiyar kaza. Ga takardu ga biro, za ki sake mini sunayen kaset ɗin nan. Amma ba a rubuta sunan abin da ba a gani ba. Zauna."

Na zauna a dokin ƙofa, rabin jikina a waje. Ya sa kaset. Da aka yi magana sai ya tsayar ya fassara mini. Fassarar Baba kuwa sai wanda ya ji. Wani dodo mai eriya biyu a ka ya fito daga kumbo ya yi gurnani, Baba ya ce, "Cewa ya yi, salamu alaikum mutanen duniya, mun same ku lafiya? Ya gajiyar zama?" Sojan Bature ya ɗaga bindiga, Baba ya ce, "Shi kuma ya ce, lafiya lau, amma ba a nan ake ajiye mota ba." Dariya ta ƙwace mini a gaban surukina. Na rufe fuska da mayafi ina neman ƙasa ta tsage. Shi kuwa ko juyowa bai yi ba, ya ci gaba abinsa.

A mako na biyu ya sa mini labarin wata mata da kumbonta ya lalace ta faɗa wata duniyar da babu mai jin yarenta. Da aka gama ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce, "Kin ga wannan baiwar Allah? Inda ta sauka ko mamak babu. Ke kuwa ga mamak, mai shayi da gurasar roti, a ƙasan bene. Gobe ke za ki sauka ki yi mana tapau." Wato in sayo a ƙunso mana. Washegari na sauka da 'yar takarda a hannu, na dawo da shayi uku da wani abinci da ba shi aka aike ni ba. Baba ya cinye tas, ya ce dama shi yake marmari. Akwatin nan ban san ranar da na kwashe kayan cikinsa ba.

A ɗakin nan na koyi Turanci, kuma ya nuna. Lokacin da nake laulayin cikin fari, likita ta tambaye ni abin da yake damuna, na dube ta da gaske na ce, "Doctor, my engine is failing." Ita da nas ɗinta sai da suka zauna. Da aka ba Baba labari ya ce shi bai ga kuskure ba, ai ta gane.

Babban abokin gabar Baba a Kuala Lumpur fumfuna ce. Garin nan kullum a jiƙe yake, takalmi ma in ka ajiye mako biyu sai ya yi gemu. Kaset kuwa da ta kama zarensa an gama. Saboda haka iyakwandishan mai ƙarfi ɗaya da ke gidan, a ɗakin kaset yake, yana aiki ba hutu. Mama tana ɗakinta da fanka. Takan ce, "Ni da na haifa maka 'ya'ya biyar, fanka. Dodanni masu ido ɗaya, iyakwandishan." Shi kuma ya ce, "Hajiya, ke ai ba kya fumfuna."

Rigimar ta fashe ne da ya tafi wani taro na kwana huɗu a Penang. Dama daddawar Mama da kukarta da kuɓewa busasshiya, waɗanda ake kawo mata daga gida da ƙyar, su ma fumfunar tana cinye su. Ta sa na taya ta muka kwashe kaset ɗin kantar ƙasa muka jera a kan tebur, ta shirya kayan miyarta a wurin. Baba ya dawo, ya buɗe ƙofa, ya ja numfashi ɗaya, ya tsaya cak.

Kwana uku ba sa magana sai ta bakina, alhali suna zaune a falo ɗaya.

"Amarya, gaya wa Hajiya ɗakina ba kasuwar Sabon Gari ba ce."

"Gaya wa Malam in ya ga dama yau ya ci tuwo da miyar kaset."

Ni ina tsakiya, kaina a sunkuye, ina cewa "to" ta kowane ɓangare ba tare da na isar da ko ɗaya ba. A rana ta uku Mama ta yi miyar kuka da man shanu, ta zuba wa kowa, ta ajiye wa Baba burodi da ruwan zafi. Bayan la'asar ya kira ni ya ce in gaya wa Hajiya an ba ta kantar ƙasa, amma aro ne. Aron nan ya kai shekara tara. Tun daga lokacin duk kaset ɗin da aka buɗe sai ƙamshin daddawa ya tashi, baƙo ya zo kallon kumbo ya tashi da yunwa. Mama kuma ta samu dalilin shiga ɗaki mai sanyi da tsakar rana, wai gadin kayanta take. Takan juya wa talabijin baya tana jan carbi. Amma in Baba ya ce wa baƙo matuƙin nan zai tsira, sai ka ji ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ba shi ba ne, ƙaninsa ne. Shi ai narkewa zai yi."

Duk yawan abin da ya tara, akwai labari ɗaya da Baba ya rasa. Yana saurayi a Zariya ya gan shi ta tagar gidan wani malaminsu. Wani tela ne da wani mutum mai lulluɓe da fuska yake kawo wa ɗinkin riguna masu hannu uku duk mako. Rannan telan ya kasa daurewa, ya bi shi a baya har wani gida, ya kama mariƙin ƙofa zai buɗe, sai aka ɗauke wuta. Sama da shekara arba'in Baba yana neman abin da ke bayan ƙofar nan. Bai san sunan shirin ba, bai san sunan kowa a ciki ba.

A kan wannan suka ƙulla abota da Kawun Jos, a kansa kuma suke faɗa duk Asabar a teburin mamak. Kawun Jos ya rantse ya ga labarin har ƙarshe a gidan wani fasto: telan yana buɗe ƙofa ya ga madubi, ya ga hannu na uku ya tsiro masa a ƙirji. Baba ya ce ƙarya ne, shi hankalinsa ya ba shi marayu ne na wata duniya a ɗakin, mutumin yana tufatar da su.

"Malam, ni fa da idona na gani, kai kuwa hasashe kake."

"Ɗan dutse, a ƙauyenku wane talabijin? Wataƙila taga ka kalla."

Shekara ashirin suna wannan. Har masu kawo shayi sun san telan.

A shekararsa ta ƙarshe, lokacin ciwon suga ya fara taɓa masa ido da ƙafa, sai wani tsohon Basine mai kedai, wato shagon tsofaffin kaya, a Sri Petaling, wanda Baba ya daɗe yana yi wa naci, ya bugo waya. An kawo masa kwalaye daga gidan wani mamaci, kaset ne da mutumin ya riƙa ɗauka daga talabijin da kansa, kuma a gefen ɗaya an zana riga mai hannu uku da biro. Baba ya sa hula a karkace ya fita, sai a lif aka lura takalmansa ba iri ɗaya ba ne.

Ranar Asabar bayan azahar aka taru. An yi tapau na roti da shayi, amma an bar su a falo, doka tana nan. Kawun Jos ya zo da sabuwar riga kamar mai zuwa coci. Baba ya zura safa, ya yi bisimilla, ya tura kaset. Ga tela nan kuwa, shi ne, da almakashinsa. Mai lulluɓi ya zo ya karɓi ɗinki. Tela ya bi shi lungu-lungu. Ya isa ƙofa. Ya kama mariƙi.

Hoton ya yi rawa, ya yi tsaki, sai ga kala ta cika talabijin. Wani katafaren gidan abinci, jajayen tebura, amarya Basiniya da ango suna gaisawa da jama'a, wani mai tumbi ya riƙe makirufo yana rera waƙa ido rufe.

Kawun Jos ne ya fara magana, a hankali: "To, ni dai ba haka na gani ba." Mama ta zame daga kujera don dariya. Baba ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, wataƙila telan zai dawo. Haka muka zauna muka kalli bikin mutanen da ba mu sani ba, kusan awa biyu, aka ci kifi, aka ci agwagwa, aka yanka kek. Telan bai dawo ba. Amma can wajen ƙarshe na lura Baba ya matso gaba. Uban amarya ne ya tashi yin jawabi, wani siriri mai tabarau, ya fara magana kuka ya ci ƙarfinsa, 'yar ta taso ta rungume shi.

Da kaset ya ƙare Baba ya ce, "Wannan shi ne mamacin. A kan abin da ya fi so ya ɗora bikin 'yarsa. Kuma 'ya'yan sun sayar ba su san yana ciki ba."

Mako uku ya yi yana tsabtace zaren kaset ɗin da auduga, taƙi bayan taƙi, da gilashin ƙara girma a idon da ya rage masa. Mama tana faɗa ya huta, yana cewa saura kaɗan. Ya juye bikin a faifai. Mai kedai ya nemo mana amaryar, ashe tana nan Sri Petaling tana sayar da taliya, har ta yi jikoki. Muka hau jirgin LRT mu uku, ni da Baba da Kawun Jos. Ni ce tafinta, don Malay ɗin Baba bai wuce "boleh" da "makan" ba, wato "ba matsala" da "cin abinci".

A kwamfutar ɗanta aka sa faifan, a bayan shago. Da ta ji muryar mahaifinta sai ta zauna a kan buhun albasa ta rufe baki da hannu biyu. Ta ce ba su da muryarsa a ko'ina, sun ɗauka bidiyon bikin ya ɓace tun da suka yi ƙaura. Ta kama hannun rigar Baba tana ta godiya, shi kuma yana ta cewa "boleh, boleh," don ba shi da wata kalmar. Sai da ta lafa ya taɓa ni da sandarsa.

"Amarya, tambaye ta. Ko mahaifinta ya taɓa gaya mata ƙarshen labarin tela?"

Na tambaya. Fuskarta ta washe. Ta ce ai tare suka kalla tana yarinya, ba sau ɗaya ba. Tsofaffin nan biyu suka miƙe tsaye. Ta ce telan yana buɗe ƙofa sai ya tarar da matarsa. Ita ce mai lulluɓin. Dama can ba 'yar duniyar nan ba ce, rigunan na danginta ne da za su zo ganin gida.

Na fassara. Baba ya yi godiya, Kawun Jos ya yi godiya, ta cika mana leda da 'ya'yan itace, muka fito. A jirgi muka wuce tasha huɗu. Sannan Kawun Jos ya karkato.

"Malam, ka yarda da maganarta?"

"Ina! Yarinya ce lokacin, ta haɗa da wani labarin."

"Ni ma haka na ce. Matarsa kuma? Ina ma'ana a ciki?"

"Babu," in ji Baba. "Karo na farko ke nan da ka yi magana mai hankali, ɗan dutse."

Suka tafa, suna dariya har wata 'yar makaranta ta tashi ta canza kujera. Daga nan har tashar Wangsa Maju da za mu sauka suna tsara yadda za su ci gaba da nema, wa za a rubuta wa, wace kasuwa ce ba a leƙa ba.

Fitarsa ta ƙarshe ke nan da ƙafarsa. Bayan wata biyu ya kwanta, kwana tara a asibiti, ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa, Mama tana riƙe da hannunsa. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka saka masa da alherin da ya yi mini da wanda ya yi wa mutanen da ko sunansa ba su iya faɗa ba. Mu kuma da muka rage, ka ba mu haƙurin rashinsa.